Ku Fara Tambayar Ƙasa Kafin Ku Zaɓi Shuka

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata,

Da wuya a sami gidan da ba shi da wani lungu da ba ya bushewa. Ko dai gindin famfo, ko bakin rijiya, ko inda indararo ke zubar da ruwan sama, ko kuma gefen rariyar da ruwan alwala ke bi. A irin wannan wuri ƙasa kan yi baƙi, gansakuka ta hau bango, mai wucewa sai ya ɗage ƙafar wando. Yawancin masu gida ɗayan abu biyu suke yi. Wasu su kira magini ya malale wurin da siminti, wasu kuma su dasa furen da suka gani ya ƙawata gidan wani, bayan 'yan makonni ya ruɓe, sai su ce ai ƙasar ce ba ta da kyau. Ƙasar ba ta da laifi. Akwai tsirran da Allah Ya halitta domin irin wannan danshin, kuma a kan wani dangi daga cikinsu nake so mu yi magana, wato ciyayin ado na dangin aya, waɗanda ganyensu ba ya kaɗewa rani da damina. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne: ku fara sanin halin wurin da kuke da shi, sannan ku nemo masa abin da ya dace da shi.

Wannan dangi ba baƙo ba ne a wurinku. Ayar da kuke taunawa, wadda ake yin kunu da ita, 'yar cikinsa ce. Manoman jihar Maradi sun yi suna wajen nomanta, mutanen Balensiya a ƙasar Sifen ma suna noma ta, suna yin abin sha mai kama da kunun namu. Kajijin da iyayenmu mata ke haɗa turaren wuta da shi ɗan dangin ne. Haka ma dogon tsiron nan da Misirawan dā suka yi takarda da shi, wanda Buduma na Tafkin Chadi ke ɗaurewa dami-dami su yi kwalekwale. Masana tsirrai suna kiran dangin Cyperaceae, sun ƙirga iri fiye da 5,000 a cikinsa, kuma kusan 2,000 daga ciki na reshe guda ne mai suna Carex.

Ga yadda za ku gane su da hannunku. Ku tsinko karan aya, ku murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Ba zai mirgina sumul ba, zai riƙa tuntuɓe, domin kusurwa uku gare shi. Ku yanka shi a tsakiya, za ku ga cikinsa a cike yake, kuma daga tushe har sama babu gaɓa. Ku leƙa shi ta sama, ganyen ta ɓangare uku yake fitowa. Ciyawa ta ainihi kuwa karanta zagayayye ne, mai gaɓa-gaɓa. Wanda ya iya wannan ɗan gwaji, mai sayar da shuka ba zai ba shi wani abu da sunan wani ba.

A cikin dangin, waɗanda suka fi suna wajen ƙawata lambu 'yan asalin Japan ne. Akwai Carex morrowii, wadda aka sa wa sunan James Morrow, mutumin da ya tattara tsirrai a tafiyar da jiragen ruwan Amurka suka yi zuwa Japan ƙarƙashin Matthew Perry a shekarun 1853 da 1854. Daga cikinta aka fitar da nau'in da ake sayarwa da sunan Ice Dance, mai koren ganye da farin layi a gefe. Akwai kuma Carex oshimensis daga tsibirin Honshu, wadda nau'inta Evergold ke da tsakiya mai ruwan madara da koren baki. Tsayinta bai cika wuce santimita 30 ba, ganyen siriri ne, yana tashi daga tushe guda ya rusuna ta kowane gefe. A ƙasarsu ta asali cikin daji suke, ƙarƙashin itatuwa, inda rana ba ta dukansu kai tsaye, ƙasa kuma na cike da ruɓaɓɓen ganye. Ba su da furen a-zo-a-gani, domin iska ce ke yi musu barbara, ba su da buƙatar jawo hankalin ƙudan zuma. Duk kyansu a ganye yake. Shi ya sa a Ingila da makamantanta, idan hunturu ya shigo furanni suka mutu, itatuwa suka zama tsirara, su ne ke hana lambu zama kango.

Wata mata a Ingila, Beth Chatto, ita ce ta fi kowa bayyana wa duniya hikimar da nake nufi. A 1960 ita da mijinta suka fara lambu a Elmstead Market cikin yankin Essex, a kan filin da manoma suka raina: wani ɓangarensa tsakuwa ce busasshiya, wani kuma kwari ne mai taɓo da ruwa ke tsattsafowa. Ba ta kwaso ƙasa daga wani wuri ta binne kwarin ba, ba ta kuma dage da ban ruwa a kan tsakuwar ba. Mijinta ya daɗe yana nazarin inda kowane tsiro ke fitowa a daji, sai ta bi wannan ilimi, ta sa masu son ruwa a kwari, masu jure fari a kan tsakuwa. A 1982 ta wallafa littafi sukutum a kan lambun wuri mai danshi. Ta rasu a 2018, amma har yanzu mutane na zuwa daga ƙasashe don ganin wurin da dā ake ce wa ba ya moruwa.

To, a nan ne ya kamata in gaya muku gaskiya, kada hoton da kuka gani a waya ya ruɗe ku. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ciyawar da ta saba da inuwar dajin Japan ba za ta ji daɗin Kano ko Damagaram a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda yake karatu ko zama a Turai, ko arewacin Amurka, to waɗannan nasa ne. Wanda yake Jos, a tudun da ya kai kimanin mita 1,200, ko a Mambila, yana iya jarrabawa a cikin inuwa. Amma mu mazauna ƙasar zafi muna da namu rabon, wato Cyperus alternifolius, wadda asalinta Madagaska ne. Karanta kan miƙe ya kai mita ɗaya ko fiye, a samansa ganyaye su buɗe kamar haƙarƙarin lema, don haka ma ake yi mata laƙabi da mai lema. Tana son zafi, tana son ruwa, ba ta kaɗe ganye muddin gindinta na da laima. Masu sayar da furanni a bakin titunan biranenmu sukan ajiye ta. Ba kasawa ba ce mutum ya bar abin da ya burge shi ya ɗauki wanda zai rayu a gidansa. Hankali ke nan.

Kafin ku sayi komai, ku ba wurin 'yan kwanaki kuna lura. Wane lokaci rana ke sauka a kansa, wane lokaci take barinsa? Ruwan da ke jiƙa shi daga ina yake, kuma na kullum ne ko na damina kaɗai? Idan ruwan wanki ne mai omo da bilic, ku sani gishirin da ke cikinsa zai taru a ƙasa ya ƙone saiwa. Ruwan alwala da na ɗauraye kayan miya su ne lafiyayyu. Sannan ku haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi, ku cika shi da ruwa, ku dawo washegari. Idan ruwan ya tsotse amma ƙasar na nan da sanyi, wurinku mai danshi ne. Idan kun tarar da ruwan kwance, wurinku mai riƙe ruwa ne. Bambancin nan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a kansa yawancin masu farawa ke faɗuwa. Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. Ciyayin Japan suna son danshi, amma idan ruwa ya kwanta musu a wuya iska ba ta kai ga saiwar, sai gindin ya ruɓe. Mai lema kuwa tana iya tsayawa cikin ruwa marar zurfi ba abin da ya dame ta. Dangi ɗaya ne, amma ba hali ɗaya ba.

Akwai kuma gwajin da kakanninku manoma suka sani tun kafin a rubuta shi a littafi. Ku damƙi ƙasar a tafin hannu ku matse. Idan ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, ta yi yawan jiƙa. Idan ta dunƙule amma da kun taɓa ta da yatsa sai ta marmashe, ita ake nema. Idan laka ce mai danƙo, ku cuɗa ta da takin da ya ruɓe sosai, wanda ya yi baƙi ya daina wari, da ruɓaɓɓen ganye. Kada ku sa ɗanyen kashin kaji, zafinsa na ƙone saiwa. In wurin ya cika riƙe ruwa kuma kun nace sai ta Japan, ku ɗaga kunya kaɗan ku dasa a kanta.

Lokacin dashe a nan shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna. A ƙasashen sanyi kuwa sai hunturu ya fara janyewa, wajen Maris zuwa Afrilu, ko kuma da kaka. Ku yi dashen da yamma. Ramin ya fi dunƙulen saiwar faɗi, amma kada ya fi shi zurfi, domin wuyan shukar, wato inda ganye ya haɗu da saiwa, dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa. Wanda ya binne wuyan ya binne shukar. Ƙanana irin Evergold a bar musu tazarar santimita 30 zuwa 45, mai lema kuwa ta fi haka buƙata. Na san idonku zai ce wurin ya yi fili da yawa, zuciya ta ce a cusa su kusa-kusa don a ga kyau yau. Ku daure. Filin da kuke gani na shekara mai zuwa ne. Bayan dashe ku ba su ruwa su ƙoshi, ku lulluɓe ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa ba tare da ya taɓa wuyan ba. In akwai akuya ko kaji a gidan, shinge ya riga shuka zuwa.

Shekarar farko ita ce ta wahala: kada ku bari ƙasar ta bushe ƙayau. Bayan nan aikin kaɗan ne, kuma yawancinsa kame hannu ne. Ba sa son taki da yawa. Wanda ya riƙa zuba musu takin zamani zai sami ganye mai tsawo marar ƙwari, wanda ke kwanciya da an yi iska. Ku koyi karanta ganyen. Idan bakinsa ya ƙone ya yi ja, rana ta yi yawa ko ƙishi ya kama shi, kuma farin ɓangaren ganye shi ke fara ƙonewa domin ba shi da koren sinadarin da ke cikin sauran. Idan gindin ya yi laushi yana wari, ruwa ne ya yi yawa. Kada ku ga ganye ya yi rawaya ku ruga ku ƙara ruwa, ku fara tura yatsa cikin ƙasa ku ji. Sau da yawa maganin da aka yi cikin gaggawa shi ne ajalin shuka.

Ga wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum ya ga 'yan busassun ganyaye a jikin kurmin shukar, sai ya ɗauko lauje ya aske shi har ƙasa, wai don ya yi sabon toho. Ciyawar da ke mutuwa da rani ta farfaɗo da damina tana jure wannan. Wadda ba ta kaɗe ganye kuwa, da ganyen nan take ci, kuma in an aske ta takan daɗe ba ta murmure ba. Abin da ake yi shi ne a sa safar hannu, domin gefen ganyen na da kaifi, a cusa yatsu cikin kurmin daga gindi a ja sama a hankali. Matattun ganyaye za su biyo hannu, rayayyu su tsaya. A mai lema kuma, karan da ya tsufa ya yi rawaya kaɗai ake yankewa daga tushe. Har ila yau akwai wasu irin na Niyu Zilan, kamar Carex buchananii, waɗanda launinsu na halitta ja-ja ne kamar busasshiyar ciyawa. Masu lambu da yawa sun tumɓuke su da ransu suna zaton sun mutu. Ba duk abin da ya yi muku kama da matacce ne ya mutu ba, ku bincika kafin ku yanke hukunci.

Bayan shekara uku ko huɗu kurmin zai cika, tsakiyarsa ta fara raunana. Lokacin rabawa ya yi ke nan. Ku haƙo shi gaba ɗaya, ku karkaɗe ƙasar, ku sa wuƙa mai kaifi ku raba shi gida uku ko huɗu, kowane kashi da saiwarsa da ganyensa, ku mayar ƙasa nan take kafin saiwar ta sha iska. Masu ratsin fari ta wannan hanya kaɗai ake yaɗa su, domin irinsu ba ya fitar da ratsin uwar. In kuma kun ga wani toho ya fito kore shar babu ratsi, ku cire shi daga tushe, don ya fi sauran ƙarfi kuma zai mamaye su.

Mai lema tana da wata hanya da za ta ba ku mamaki, kuma yaro ma zai iya. Ku yanko kanta tare da kara mai tsawon yatsa. Ku rage ganyayen da almakashi zuwa rabi. Ku kifa shi cikin kofin ruwa, kai a ƙasa, kara a sama, ku ajiye inda haske yake, kuna canza ruwan a kai a kai. Bayan 'yan makonni za ku ga fararen saiwoyi sirara suna fitowa daga tsakiyar kan, daga hammatar ganyayen kuma ƙananan koren toho suna lanƙwasowa sama suna neman haske. A daji haka take yi: tsohon kara ya sunkuya har kansa ya taɓa ruwa, sabuwar shuka ta tashi daga nan. Daga tushe ɗaya kuna iya samun goma ba ku kashe ko sisi ba.

Amma wannan sauƙin yaɗuwa shi ne kuma haɗarin dangin, don haka ku saurara da kyau. Duk manomin fadama ya san aya-aya, wadda masana suka sa a sahun gaba cikin miyagun ciyayin duniya. 'Ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa suke, a jere kamar carbi, in ka fizge ta igiyar ta tsinke, kowane ɗa ya zama sabuwar shuka. Idan kun sayi shuka a leda, ku duba ƙasar da ke ciki, kada ku shigo da ita gida da kuɗinku. Ice Dance tana rarrafe ta ƙarƙashin ƙasa a hankali. Carex pendula ta Turai tana zubar da iri ba adadi, shi ya sa masu lambu ke yanke kanta kafin ya nuna. Mai lema ma in ta sami wuri ba ta da kunya, don haka a ƙaramin gida gara a dasa ta cikin tukunya ko tsohon baho. Kuma kada ku taɓa jefa ragowarta a kwata, ko rafi, ko fadama. Ku shanya ta ta bushe ƙurmus tukuna. Abin da ya zama ado a tsakar gidanku yana iya zama masifa a gonar wani.

Sai batun sauro. Cikin zafi, ƙwan sauro na iya zama sauro mai tashi a kimanin mako guda zuwa kwana goma. Manufar dasa ciyawar nan ita ce ta sha ruwan da ke kwanciya, ba a ƙirƙiri sabon kududdufi ba. In kun sa faranti a ƙarƙashin tukunya, ku zubar da ruwansa duk bayan 'yan kwanaki, ko ku cika shi da tsakuwa da yashi yadda ruwa ba zai fito fili ba. Rigakafi ya fi magani, kuma babu adon da ya kai darajar lafiyar ƙannenku.

Me ya sa na tsawaita haka a kan ciyawa? Saboda na ga zamaninku yana koya muku ku fara da abin da kuke sha'awa, sannan ku tilasta wa wuri ya karɓe shi. Aikin lambu yana koyar da akasin haka. Wanda ya saba tambayar ina rana take, ina ruwa yake, wace irin ƙasa ce, shi ne gobe zai tambayi abin da garinsu ke buƙata kafin ya buɗe shago, ya auna ƙarfinsa kafin ya ɗauki alkawari. Kuma akwai abinci a cikin sana'ar: masu rainon shuke-shuke a bakin titi da leda, da ƙasa, da ruwa, da haƙuri suka fara.

In Allah Ya sa shukarku ta yi albarka har kuka raba, ku ba maƙwabta. Amma kada ku miƙa tushe kawai ku juya. Ku gaya wa mai karɓa gaskiyar abin: inda take so, inda ba ta so, yadda take yaɗuwa, da inda bai kamata a jefar da ita ba. In kuma kun fara sayarwa, wani ya zo yana son ta Japan alhali gidansa rana ce ƙwal daga safe har yamma, ku faɗa masa ba za ta yi ba, ko da cinikin zai wuce ku. Kuɗin rana ɗaya kuka rasa, shi kuwa ya san wurin wanda zai dawo. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa albarka a abin da hannuwanku suka dasa.